Amyarki Ta Uku Ba Sarauniya

Ya ke sanyin idona, inuwar tsakar rana, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, gimbiyar masu fushi!

Yau kwana goma sha ɗaya da kika tafi gidan Yaya saboda na ce zan sayar da amyoyin zuman da Baba ya bar miki. Na faɗa, ban musa ba. Amma wace mace ce za ta bar mai aski, wanda ko sauro yake gudu, da ƙudan zuma dubu-dubu a bayan ɗaki?

Kin tuna ranar da kika ja ni gaban amya, ina laɓewa a bayanki, kina dariya har gyalenki ya zame? Kika nuna min wata ma'aikaciya cikin ƙudan zuman tana cinye ƙwan 'yar'uwarta. Kika ce ƙamshin sarauniya ne ke hana su haihuwa, wadda kuma ta saci jiki ta yi ƙwai, sauran ba sa barinsa ya kwana. Ni kuwa wuyanki nake kallo, wallahi, rabin karatun ya wuce ni!

Shekaranjiya na buɗe amya ta uku. Ƙwai uku-uku, huɗu-huɗu a kowane ramin saƙar zuma! Na yi murna, har na yi wa mutum biyu aski kyauta. Ina tsakiyar na biyun ragowar karatunki ya faɗo min: sarauniya ta mutu, ma'aikata ke zuba ƙwai ba mai tsawatarwa, kuma maza zalla za su fito, masu ci ba aiki. Kada ki ce komai, na san wa kika tuna.

Na rufe shago, na yi musu hayaƙi, na ɗauko saƙa mai ƙananan tsutsotsi daga amya ta farko na sa musu, yadda na taɓa ganin kin yi. Sun biya ni da harbi bakwai a fuska. Ko za su karɓa su reni sabuwar sarauniya daga tsutsotsin? Ban sani ba, zumata, kuma tsoro nake ji. Hannun Baba ne ya ƙera amyar nan.

Mai son sayen amyoyin ya zo jiya. Da ya ga fuskata sai ya ƙara kuɗi don tausayi. Na raka shi har bakin titi, na ce kada ya dawo.

Ki dawo ki duba aikina, ki yi min faɗa a tsaye, kusa da ni. Idan dariya za ki yi wa wannan fuska, ki yi sauri, kumburin ya fara saɓewa.

Naki har ƙarshen numfashi,
Mijinki mai aski