Ki Rage Tsawon Safar Hagu

Zierikzee, 9 ga Disamba

Zuwa ga Yayata Tanna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga ƙaninki Rinus, wanda har ya yi furfura bai san inda ake sa waƙafi ba. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Bram da yara da jikoki, ya kuma sassauta miki ciwon gwiwar nan da sanyin Kanada ke tayarwa. Mu nan muna nan. Matata Dineke tana gaishe ki. Shagon kekuna a buɗe yake, sai dai mako shida ke nan maƙwabcinmu Kobus ne ke riƙe da shi, kuma ya gyara wa matar fasto birki gyaran da ya kai ta cikin furannin gidan likita. An yi wa kabarin Inna shara kamar yadda kika ce. Teku tana bayan ganuwar da ke tare ta, inda kika bar ta.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna, tunda rabona da rubuta miki takarda tun haihuwar ɗana Wessel, shekara ashirin da ɗaya. A waya na gaya miki yaron ya faɗi a duwatsun Norway ya karya idon sawu, har na ƙara da cewa ya gaji ubansa wajen iya tafiya, kika yi dariya. Ban yi miki ƙarya ba, amma abin da na faɗa bai kai kwatan maganar ba. Da zarar na ji muryarki bakina sai ya kama hanyar raha, ni kuma ba na iya tare shi. Takarda ba ta dariya, shi ya sa na zaɓe ta. Akwai kuma dalilin gaggawa: na san yanzu kin fito da ulu kin fara saƙa masa safar Kirsimeti kamar kowace shekara. Ki ajiye tsinken saƙar nan, Yaya, sai kin kai ƙarshe.

Kin san tun watan Agusta Wessel ya tafi birnin Trondheim na Norway karatun shekara guda a kan ginin gadoji, shi ne na farko a zuriyarmu da ya taka jami'a ba don kai saƙo ba. Litinin zuwa Juma'a yana aji, ranar Asabar kuwa ya saɓa jaka. Uwarsa ta sa shi alkawarin duk inda ya je ya aiko mata kati ta gidan waya, ta ce hoton cikin waya ba ya mannuwa a ƙofar firji. Katin farko daga Bergen ne, ya ce kwana biyu ya yi yana kallon ruwan sama daga ƙarƙashin rumfa, kamar dai bai bar gida ba. Sai wani daga garin masu haƙar tagulla, sai wani daga Stockholm inda ya ce ya ga wani tsohon jirgin ruwa da ya nutse ranar da aka fara tuƙa shi, ya tambaya ko ni na yi masa gyara. Kati tara ne a ƙofar firjin. Dineke takan karanta wa duk wanda ya shigo shan kofi, har mai karanta mitar lantarki bai tsira ba. Kowane kati kuma da layi ɗaya yake ƙarewa, layin da kika sani.

Ke ce shaidata. Ina shekara goma sha huɗu na ɗaga hannu a aji na ce wa Malam zan je sayo burodi yanzu zan dawo, na fita, ban sake komawa ba. Malamin ya rasu yana jirana. Tun daga nan duk littafin baƙi da aka miƙo mini abin da nake rubutawa ke nan: a bikin aurenki, a gidan tarihi, a masaukin da muka kwana ni da Dineke bayan ɗaurin aurenmu, har a littafin ta'aziyyar Kawu Leendert, inda kika taka mini ƙafa. “Na tafi sayo burodi, yanzu zan dawo.” Wessel yana shekara bakwai na fara ɗaga shi sama ina ba shi biro ya rubuta da kansa. Wasu iyayen gona suke bar wa 'ya'yansu. Ni abin da na tara ke nan.

Akwai gado na biyu. Ni na koya masa cewa mutum mai lafiya kilomita biyar yake ci a awa, ko'ina a duniya. Na faɗa masa da ƙarfin zuciyar mutumin da tudu mafi tsayi da ya taɓa hawa shi ne ganuwar teku, wadda kike kai samanta kafin ki gama atishawa.

A ƙarshen Oktoba abokansa suna shirin jarrabawa, sai ya tafi duwatsu shi kaɗai. Mutanen can suna da ɗakunan katako a cikin tsaunuka, babu mai gadi, matafiyi ya shiga ya hura wuta ya kwana. A kowane ɗaki akwai littafi: sunanka, inda ka fito, inda ka nufa. Wessel ya kwana a ɗaya ranar Asabar. Ranar Lahadi ya duba taswira, ya ga kilomita goma sha huɗu ne zuwa titin da bas ke bi ta ƙetaren dutsen, ya yi lissafin ubansa, ya ga ai ko awa uku ba ta cika ba. Sai ya yi zamansa ya sha kofi har azahar, sannan ya fita da takalmin yawon gari. Awa huɗu ta same shi bai yi rabi ba. Hazo ya sauko, dusar ƙanƙara ta farko ta biyo baya, ya zame tsakanin duwatsu biyu ƙafar hagu ta karye. Waya babu layi, daga baya sanyi ya kashe ta. Ya ja jiki ya shige ƙarƙashin wani dutse.

Da safiyar Litinin abokin ɗakinsa ya ga gado babu kowa, ya kai rahoto, ya faɗi sunan ɗakin katakon. Jirgi mai saukar ungulu bai iya tashi ba saboda hazo, sai 'yan sa-kai suka hau da ƙafa, suka isa da rana, suka buɗe littafin. Hanya uku ce ta fita daga ɗakin nan, Yaya. Ɗaya daga ciki tana gangarawa wani ƙauye mai kanti. Ita suka bi, suka bincike ta har duhu ya hana su. Sai ranar Talata da hantsi suka same shi a ɗaya hanyar.

Ban san wannan ba sai kwana uku bayan mun isa asibitin can. Shugabar masu ceton, wata mata mai suna Ingunn, malamar makaranta ce mai kamar shekarun Dineke, ta kawo mana jakarsa. Ta nuna mana hoton shafin a wayarta. Da yarensu ya rubuta, don ya nuna ya fara iyawa, amma ko ban san kalma ɗaya ba na gane tsawon layin, namu ne na burodi. Ta fassara mana da Turanci a hankali, yadda Turancina na gyaran kekunan 'yan yawon buɗe ido zai ɗauka. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi a wurinsu ba a wasa a littafin nan, yaro tun kafin ya iya ɗaura takalmi ake koya masa, saboda haka ko a ransu ba su kawo cewa wasa ba ne. Ta ce har sun yaba masa, wai ga baƙo mai hankali da ya faɗi inda za shi. Sannan ta tambaya ko wata magana ce ta ƙasarmu. Na ce mata a'a, ta gidanmu ce. Dineke ta mayar mata da wayar, ta gode mata, ta tafi ta tsaya a bakin taga.

Likitan ya ce karayar ba komai ba ce, sanyin ne abin ji. Ya ce a irin wannan ba a gaggawar yanka, ana jira naman ya nuna da kansa inda mai rai ya tsaya, kuma jiran yakan ɗauki makonni. Na tambaye shi da an same shi ranar Litinin fa. Ya ce shi ba ya son irin wannan lissafi. Na ce ni ma lissafi ba fannina ba ne, amma ya daure. Ya dube ni, ya ce dare na biyu ne ya fi yin ɓarna.

Bayan kwana goma aka dawo da shi asibitin da ke kusa da mu, muka shiga jira. Kullum da safe ana kwance bandeji, mu uku mu zuba wa yatsun ido kamar masu jiran sakamakon zaɓe. Yawancin na dama suka fara dawowa ja. Na hagu suka yi shuɗi, suka yi baƙi, baƙin ya riƙa hawowa. Kobus ya zo dubiya da kifi mai hayaƙi, ya ce wa Wessel kada ya damu, ɗan yankinmu na Zeeland ba ya buƙatar yatsu tunda fedar keke ba ta tambaya. Yaron ya yi dariya. Duk suka juyo suna jiran in ɗora nawa, ni da ban taɓa barin Kobus ya yi maganar ƙarshe ba tun muna samari. Na ce zan je in nemo faranti.

Alhamis da ta wuce aka yi aikin. A dama an cire ƙaramin yatsa da na kusa da shi. A hagu an cire duka biyar da gaban tafin. Dunduniya tana nan, kuma sun ce da takalmi na musamman zai yi tafiya, zai hau keke, ƙila har tudu idan bai ji magana ba. Karatun can dai ya ƙare. Abokin ɗakinsa ya aiko kayansa a kwali biyu, a ciki har da kati na goma, mai hoton duwatsun, da kan sarki a manne, ba a rubuta komai ba. Dineke ba ta sa shi a firji ba. Ban tambaye ta inda ta ajiye ba.

Ranar Asabar ta fita neman shayi ta bar mu mu biyu, na ce masa ina da magana. Ya ce Tsoho, in dai ta littafin ce in bari, biron a hannunsa yake, kuma taswirar tana da layukan da ke nuna tudu, shi da ke karatun injiniya ya fi ni sanin amfaninsu. Ya ce a ƙarƙashin dutsen, da gari ya waye ranar Litinin, ya tuna abin da ya rubuta, ya yi dariya har haƙarƙarinsa ya yi ciwo, yana cewa bari Tsoho ya ji wannan. Yana cikin dariyar ne ya tuna da ƙauyen mai kanti. Can ya ce don Allah in faɗi wani abin banza, ko wanda ya ji sau ɗari, shirun nan nawa ya fi wuƙar likita ba shi tsoro. Na buɗe baki, Yaya. Shekara hamsin da tara ban taɓa neman magana na rasa ba. Na gyara masa bargo.

Dineke ba ta zarge ni ba. Sau ɗaya ta yi maganar, a mota, ta ce shekara talatin tana dariyar layin nan, ita ce ma take karanta wa baƙi shi da murya, saboda haka kada in kwashe laifin duka in bar ta babu ko kaɗan, rowa ce. Ban san ko tausayi ba ne ko hukunci. Yanzu duk inda zan je ina barin takarda a kan tebur: wuri, hanya, da lokacin dawowa. Shekaranjiya burodi ya ƙare da gaske. Na tsaya da biro a hannu har kofina ya huce, na kasa. Ta shigo ta gan ni, ta dubi kwandon burodin, ta ɗauki kwat ɗinta ta fita. Ina jin daga yanzu ita za ta riƙa sayowa.

To ga abin da ya sa na rubuto. Wessel ya ce safarki ta bara ce a ƙafarsa kwana biyun nan, mai ruwan toka, kuma ma'aikaciyar jinya ta ce ulun ya taimaki ta dama. Yana son ta bana, kada ki fasa. Ta dama ki saƙa yadda kika saba. Ta hagu, daga dunduniya zuwa baki santimita goma sha bakwai, bakin a zagaye, mai laushi, kada ɗinki ya faɗo a gaba inda tabon yake. Ni na auna da tef ɗin shago, sau uku, na kuma sa ma'aikaciyar ta sake aunawa, tunda kin ga inda lissafina ya kai mu.

Ki gaishe da Bram, ki ce masa ya rage taba. Ki gaishe da Adrie da matarsa, da Nelleke, da ƙananan duka. Ke za ki san yadda za ki gaya musu, kin fi ni iya magana ta gaskiya. Ki sa yaron a addu'a, in da saura ki sa ubansa. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yanzu zan kai takardar nan gidan waya ta titin bakin tasha, daga can in hau bas zuwa asibiti, in dawo ƙarfe shida. Na rubuta na ajiye a kan tebur.

Ƙaninki,
Rinus