Sun Kira Sunanki a Lasifika

Zuwa ga mai ɗakina, marigayiya Hajiya Rabi,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ina nan Bukkuyum inda kika bar ni, ido ya yi yana.

Kin tuna shekarar da aka kwashe ku a mota zuwa Sakkwato, ku ga uwargidan shugaban ƙasa? Kika dawo da injin niƙa na ƙungiyar mata da atamfa mai hotonta. Har kika bar duniya kina cewa, "Malam, matar nan ta riƙe hannuna, ta tambayi sunana." Daga lokacin, inda kika ce a dangwala nan matan unguwa suke dangwalawa, mu maza muna gindin bedi muna zaton mu ne masu zaɓe.

Uwargidan ta rasu, kin bi ta. Bana 'yan siyasa sun sake buga atamfar. 'Yan matan da ba a haifa ba a zamaninta suna wucewa ta ƙofar gida da rana tsaka. Fuskokinsu ba na gani, sai tata, jere a jikin zane, tana murmushi, tana waiwayo ni duk sanda suka taka.

Ranar Laraba mutanen ɗan takara suka zo suka durƙusa. Wai in hau dandamali in ce da kina raye nasu za ki bi. Rabi, ko da kina raye ba ki taɓa gaya mini wanda kika zaɓa ba. Na ce ba zan yi wa mamaci ƙarya ba.

Jiya bayan La'asar suka yi taronsu ba ni. Ina zaune a tsakar gida na ji lasifika ta kira sunan uwargidan, sannan naki. Mata suka rangaɗa guɗa. Da ta lafa, sai aka amsa "na'am" daga cikin ɗakinki da na kulle shekara tara, da muryar nan taki ta mai aiki a hannu.

Ban buɗe ba. Na dai matsar da tabarmata kusa da ƙofar.

In ke ce, ki shaida ba ni na ba su sunanki ba. Sun ce gobe za su dawo, amsata ba za ta canja ba.

Allah Ya haskaka kabarinki da nata, Ya sa masu rai su bar ku ku huta. In tawa ta zo, Ya sa ki gane ni.

Mijinki,
Malam Garba