Muryarki a Jitar Bashir

Zuwa ga Yafendo Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba Alhaji da yara. Yaya ƙafar taki? Mu nan Gusau lafiya lau.

Ƙanena Bashir ya daɗe yana fama ya koyi ɗora murya ta biyu a kan waƙa da jitarsa, amma kullum sai ya zame ya koma kan ta farko. Ranar Juma'a muka je Bungudu wajen 'yar'uwarki Inna, yana kaɗawa, ita kuma tana ɓarar gyaɗa tana jin sa. Ta ce, "Bashir, daina taka sawuna. Hau sama kaɗan mu jera, yadda Rabi take yi." Sai ta ɗauko waƙar niƙan nan taku, wadda ta daina tun tafiyarki. Ya yi ta lalube har ya samu. Yafendo, muryarki ce sak ta fito daga tsirkiyar nan. Ban san yana da kunne haka ba.

Inna ta share ido ta ce, "Ya iya. Amma jita ba ta fashewa da dariya a tsakiyar baiti."

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Kuma ki zo.

'Yarki,
Hauwa