Na Gaishe Shi a Tsaye

Kumasi, ranar Juma'a

Ƙanwata Sanatu,

Yau na tashi da sauƙi, sai ƙafar hagu da take kamar ta aro. Ina gaishe ki da yara da mutanen Yendi. Ya doyar bana?

Kada ki damu, ciwon bayan da ya cinye mini shekaru ya tafi. Sai dai da likita ya yi mini aiki, ya sa ƙarfe a ƙashin, ya hana ni sunkuyawa.

Na san labari zai riga wasiƙata zuwa. Yaya Napari ya zo dubiya, na gaishe shi a tsaye. Ya ce, "Azindo, Kudu ta ƙosar da kai har gwiwarka ta manta ƙasa?" Na ɗaga riga in nuna masa ɗinkin, ya kau da kai. Ke shaida ce, ban taɓa gaishe shi ban durƙusa ba. Yanzu ya ce masara zai zuba a ɗakin da ya yi mini alkawari a gida Yendi. Ki roƙe shi, ba na so in mutu a ɗakin haya.

Na aika ya biyo yau kafin ya hau mota. Tun safe nake dafa gado ina gwada durƙuso, har maƙwabciyata Akosuwa ta ce, "Baba, so kake ka ɓalle kamar tsohuwar kujera?" Na kai rabi.

Ki aiko mini da daddawa. Allah ya yi muku albarka.

Yayanki,
Azindo

Rana ta faɗi, Yaya Napari bai zo ba.