Tsatsa kaɗai ke riƙe da bulon ɗin motar maigidana

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin ki rufa mini asiri ki ɓoye sunana, akwai 'yan unguwarmu a ciki. Don Allah ku ba ni shawara, musamman in akwai masu gyaran mota ko matansu a nan. Ni karatuna bai yi nisa ba, lakwal ɗin ma, wato makarantar boko, ban daɗe a ciki ba, abin da idona ya gani kawai zan faɗa, ku da kuka san aikin ku auna mini.

A Parakou muke, muna haya a unguwar Ladjifarani, ina da yaro ɗaya da ya fara rarrafe. Maigidana direba ne, ɗan Djougou, yana da tsohuwar mota da yake jigilar fasinja tsakanin garuruwan biyu, in sabuwar doya ta fito kuma ya shiga ƙauye ya ɗauko wa matan kasuwar Arzeke. Motar nan ita ce cinmu ita ce shanmu. Mai gyara masa ita kuwa yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe ni tun rasuwar babanmu, shi ya aurar da ni. Tun da aka ɗaura auren nan bai taɓa karɓar ladan aiki a hannun maigidana ba, ya ce motar gida ce. To a wajenmu aikin da suruki ya yi maka kyauta ba a bin bayansa a duba, ba a kuma ɗaukar motar a kai wani garaj. Wanda ya yi haka kamar ya fita tsakiyar tasha ne ya yi shela cewa surukinsa bai iya aiki ba.

Da damina ta yi nisa motar ta fara rawa, in ta faɗa rami sai ta yi ta lilo kamar kwalekwale. Yaya ya ce amortisa ne suka mutu, abin nan da ke kusa da taya mai hana mota jijjiga, 'yan Najeriya na ji suna ce masa shoka. Maigidana ya sayo sababbi guda huɗu, ya kai motar ya bari, ya tafi gaisuwar mutuwa. Washegari kuma an riga an yi shatar motar za ta kai 'yan biki Djougou. Ni na kai wa Yaya abincin rana, na zauna a kan wata tsohuwar taya a gindin mangwaro ina ba yaro nono, daga nan ina hango ƙarƙashin motar sarai.

Kowane amortisa bulon ne ya ratsa ƙasansa, wato dogon ƙarfe mai kai a gefe ɗaya, a ɗaya gefen a ɗaure da noti. To jar lakar hanya da ruwan da motar ke shiga sun sa tsatsa ta haɗe bulon ɗin da ƙarfen da ya ratsa, sun zama abu guda. Tun da safe Yaya ya jiƙa su da man birki da kalanzir. Yana buga guduma, ya saurara, ya ƙara mai, ya zura dogon bututu a hannun kile, wato sifana, ya danna da duk jikinsa. Biyu sai da ya sa musu wuta suka yi ja, robar ta ƙone tana wari har na rufe wa yaro hanci da mayafi, sannan suka saki. Na uku ya fita da kyar. Na huɗun, na baya, shi ne a gefen tankin esans, wato fetur, ba damar kai wuta wajen. Ya yi ya yi, zufa ta jiƙa rigarsa, daga ƙarshe ya hau kan bututun da ƙafa. Sai na ji ƙas. Ni har na ce alhamdu lillahi, a zatona ya kwance. Yaya bai amsa ba. Ashe notin ne ya karye tare da wutsiyar bulon ɗin ya faɗi ƙasa, sauran kuma yana ciki daram, ko gezau.

Mai walda da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo, ya ce wannan sai dai zarto, a yanke shi ta gefe biyu a fitar da amortisan a sa sabon bulon, aikin yini ne kuma wurin matsattse. Ya ce in ana so ya kama. Yaya ya ce masa ya gode, ba komai, shi zai ƙarasa. Abin da mutane ba su sani ba, ni na sani, tun ciwon da ya yi bara hannunsa na dama ba ya riƙe abu ya daɗe, rawa yake, in yana cin tuwo a gaban baƙi ma ɓoye shi yake. Shi kuwa mutum ne da direbobi ke wa kirari cewa ba bulon ɗin da ya taɓa gagararsa. Ya gwammace komai da a ce wani ya ƙarasa masa aiki.

Da mai waldan ya koma shagonsa, ina kallo Yaya ya goge tsohon amortisan tas, ya fesa masa baƙin fenti, ya kwaɓa gam ɗin nan da ake haɗa kala biyu, ya manna karyayyen notin a inda ya fito, ya shafe da giris ya watsa ƙasa a kai. Sabon na huɗun ya naɗe a buhu ya tura ƙarƙashin bencinsa. Da ya ɗago muka haɗa ido.

Ya ce, "Auta, me kika gani?"

Na ce, "Ban ga komai ba Yaya."

Ya ce, "To haka nake so. Abin da ni da bututu da guduma muka kasa motsawa, ramin hanya ne zai motsa shi? Tsatsar nan ta fi noti riƙo. Biki ya wuce, in ya kawo ta canjin mai zan gyara, ba wanda zai sani."

Da yamma maigidana ya zo, ya danna bayan motar ya saki, ya ce kai Yaya ka mai da ita amarya. Ya durƙusa ya yi godiya. Ni ina tsaye da kwanon abinci a hannu ina kallonsu.

An kai 'yan biki an dawo lafiya, na ce to wataƙila Yaya ne da gaskiya. Amma tun ranar ban ƙara samun natsuwa ba. In ya fita da safe sai in yi ta duba waya, in ta yi ƙara in yi wuf in ɗauka. In na ji ana maganar hatsari a hanyar Djougou sai in kasa tambayar wace mota ce. Nono ma ya ragu, yaro yana ja yana kuka.

Ba wai zama na yi kawai ba. Na hau zem, wato babur ɗin haya, na koma wajen Yaya, na roƙe shi ya kira maigidana ya ce ya manta wani abu bai ɗaure ba. Ya ɓata rai, ya ce tun ina goye a bayan Inna yake kwance mota, yau ni zan koya masa, kuma in ya kira motar ta dawo ba dalili direbobin tasha za su fara tambaya. Ya ce in na buɗe baki in sani mutuncinsa na zubar, kuma shi ba shi da wani abu da ya rage sai shi. Bai yi tsawa ba, a hankali ya faɗa, yana ɓoye hannun nan a aljihu, na dawo gida ina kuka. Lokacin canjin man ya zo ya wuce, motar ta je ta dawo, buhun yana nan a ƙarƙashin benci. Ni dai na gane ba ƙi ya yi ba, hannun ne ba zai iya zarton ba, kuma ba zai faɗa ba.

Na je wa Innarmu da maganar, ban gama ba ta katse ni, ta ce mace ba ta shiga tsakanin mijinta da yayanta, in suka ɓata ni ce zan rasa wajen tsayawa, in yi ta addu'a kawai. Addu'a ina yi wallahi. Sai na gwada ta wajen maigidana, na ce kamar ina jin wani ƙara a bayan motar in tana tsallake kwatar ƙofar gida, ko zai sa wani a Djougou ya leƙa masa. Dariya ya yi, ya ce yaushe aka ba ni takardar bakanike bai sani ba, gobe sai in saka kakin aiki in bi shi. Da ya ga ban yi dariya ba ya ce, "Ke, in kai motar da Yaya ya taɓa wajen wani? Ai gara in mare shi a tsakiyar Arzeke." Na san halinsa, mutum ne mai haƙuri amma in ya gane an yaudare shi ba ya mantawa. In ya ji abin da aka yi, ba zai yi faɗa ba, gaisuwar ce kawai za ta mutu, motar ta koma wani garaj, sauran direbobin da ke zuwa saboda yabon da yake yi su bi shi. Sannan ya tambaye ni tun yaushe na sani.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto shi ne na shekaranjiya. Ina shara da safe, motar tana tsakar gida bai fita ba tukuna, na waiga na ga yaro zaune kusa da tayar baya yana ƙoƙarin kai wani abu baki. Na fizge, sai ga notin nan, da busasshen gam a jikinsa. Na duƙa kamar ina share ƙarƙashin motar na leƙa. Bakin bulon ɗin tsirara yake, ga wani jan gari kamar garin barkono a kewayensa, a ɗaya gefen wajen kan kuma na ga wani siririn layi yana ƙyalli, kamar ƙarfen ya ɗan zamo waje. Ban sani ba ko dama haka yake, ko tsoro ne ke nuna mini. Maigidana ya fito da buta ya ce me nake nema, na ce ɗan kunnena. Ya shiga ya tayar da mota, ya ɗaga wa yaro hannu ya tafi ɗaukar fasinja.

Yanzu ga shi surukata ta aiko daga Djougou tana son ganin jikanta, an tsayar da ranar Juma'a mai zuwa za mu tafi mu uku. Daga can zai wuce ƙauyen Bariénou ya yi lodin doya, hanyar ƙasa ce duk ramuka, motar za ta dawo cike har sama, mu a gaba. Na yi tunanin in ce yaro ba shi da lafiya mu zauna. Sai na ga to na tsirar da kaina da ɗana ke nan, na bar ubansa ya tafi, da matan da yake ɗauka kullum su ma da goyonsu. Wannan tunanin ya fi komai ci mini rai.

Masu sanin mota, don girman Allah ku faɗa mini gaskiya, bulon ɗin da ba noti, tsatsa za ta iya riƙe shi da lodi a hanyar ƙauye, ko fita zai yi? In ya fita me ke faruwa da motar tana gudu? In ba wani abin tsoro ba ne ku faɗa mini in samu in yi barci. In kuma akwai hatsari, ta yaya zan sa a gyara kafin Juma'a ba tare da na tona wa wanda ya raine ni asiri ba? Na yi tunanin in je wajen mai waldan nan a ɓoye in roƙe shi ya taya Yaya yankewa, amma matar aure ta je shagon namiji da irin wannan magana, in ta fita fa? Ko in ajiye notin a gaban maigidana kawai in yi shiru ya tambaya da kansa?

Notin yana nan ɗaure a bakin zanina, duk inda na juya ina jin nauyinsa. Kada ku zagi Yayana don Allah, ba mugu ba ne. Ku dai faɗa mini wanda zan fara nuna wa, shi ko mijina.