Farar Saniyata da Na'urar Zayyanu

Illela, Litinin

Zuwa ga ɗana Zayyanu,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da Hawwa da yara. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata.

Jiya na kai farar saniyata kara, kasuwar shanu, a yi mata rajista. Tsarin nan da ka haɗa wa ƙungiyar masu shanu ya ƙi karɓarta, wai an riga an shigar da ita da sunan kawunka Boyi. Yanzu tana ɗaure gidan shugaban ƙungiya sai an gano mai ita. Ko dusa ba ta ci a hannun baƙo.

A waya ka ce ba kai ka rubuta hukuncin ba. Wai kai dai ka faɗa wa na'ura mi ake kira saniya: launi, shekaru, ƙaho, tsagar kunne. Ita kuma da kanta ta fitar da yadda za a jera shanu da yadda za a gane biyu ɗaya ce. Ni za ka faɗa wa wagga magana? Na kwatanta wa maƙeri fartanya ya fi a ƙirga, ban taɓa ganin guduma ta tashi da kanta ba. Akwai hannun mutum. Kuma ban manta Boyi ne ya kai ka boko ranar da na hana ba.

A sako mini saniyata.

Mahaifinka,
Attahiru

Illela, Jumma'a

Zayyanu,

Ina gaishe ka, ya jikin ƙaramar?

An sako ta. Ta rame, amma tana ci.

Abin da ka tambaya kan asalinta gaskiya ne. Jikar saniyar da marigayiya uwarka ta zo da ita ce daga gidansu, kuma tsagar kunnen gidan nake yi wa zuriyarta, ban taɓa sakewa ba. Shi ya sa ta zo daidai da ta Boyi, tunda shi ma ɗan gidan ne. Ka ce layi ɗaya ka ƙara, launin wutsiya, na'urar ta sake gina sauran duka. To, alƙalin da layi ɗaya ke juya shi ban yarda da shi ba, kai ma ban gama da kai ba.

Boyi ya jawo tashi saniyar aka tsayar da su gefe da gefe, yana ta murmushin nan nashi. Zayyanu, wallahi ni ma sai da na zagaya na duba wutsiya kafin na kama igiya. Kada ya ji wannan daga bakinka.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Attahiru