Gilashi Na Arba'in Da Ɗaya

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, sai dai idon Baba da ke ƙara ja baya. Yanzu da murya yake gane mu.

Yaya, ka tuna ɗakin baya, mai warin sifirit, ruwan nan da Baba ke adana ƙwari a ciki? Baba ya kama buzuzu, ya sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, yana tsince 'yan mitsi-mitsin ƙwarin nan dangin kaska da ke manne a ƙafafunsa, yana rarraba su gida-gida cikin 'yan gilasai masu lamba kamar mai raba gado. Ka tuna ranar da muka wanke masa buzuzu goma sha biyu tas da sabulu, wai mun taimaka? Aikin wata guda muka zubar a kwata. Bai dake mu ba, amma wallahi har yau abin nan yana min ciwo.

To, shekaranjiya malamar da ta gaji kujerarsa a wurin bincike ta zo. Ta ce ƙwaron da ke gilashi na arba'in da ɗaya ba a taɓa rubuta irinsa ba, tana so ta bayyana shi, ta sa masa sunan Baba. Amma sai an san jikin wane irin buzuzu aka cire shi, a ina, kuma yaushe. Takardar jikin gilashin ta goge, domin wani mai taurin kai ya rubuta da biro, bayan Baba ya ce fensir kaɗai ke jure sifirit. Rubutun naka ne, kada ka musa.

Bayanin yana cikin baƙin littafin Baba da ka tafi da shi. Don Allah ka nemo shafin, ka ɗauki hoto ka turo cikin makon nan. Ina tsoro, Yaya. Ina so ya ga sunansa a takarda da sauran ganin da ya rage masa.

Da na gaya masa zan rubuto maka, dariya ya yi, ya ce in faɗa maka ka turo shafin yadda yake, kada ka wanke.

Inna da Gwaggo da Auta suna gaishe ka. Ka gaida matarka da yara.

Ƙanwarka da ta riƙe sabulun.